Yarana sun gina mini gidan Baba a cikin fasasshiyar tukunya

Maman Iman (Bradford):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Da farin ciki na zo muku yau, amma akwai tambaya a ƙarshensa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Shekararmu 11 a Ingila, kuma gidan da muke haya ba shi da fili, ɗan tsakar gidan ma duk siminti ne. Ni kuwa a gidan da ake shuka na tashi. Wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarmu ce ta nuna mini abin da suke yi a nan. Tukunyar shuka mai faɗi ake samu, a zuba ƙasa, a dasa tsirrai ƙanana waɗanda ba sa tsawo, a shimfiɗa gansakuka ta zama ciyawa, a jera tsakuwa ta zama hanya, sai a kafa ɗan gida da bai wuce dunƙulen hannu ba, da ƙofarsa da tagarsa. Lambun feri suke ce masa. Feri a tatsuniyarsu wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu fukafukai, wai a cikin furanni da kogon bishiya suke zama. Tun daga nan na kamu da son abin. Guda uku gare ni a bakin taga, in na dawo aikin dare kafin in kwanta sai na tsaya na yayyafa musu ruwa.

To, Lahadin da ta wuce ce ranar iyaye mata a nan. Ashe sati uku Iman da ƙanenta suna ɓoye mini wani aiki, da haɗin bakin babansu. Wata tukunyata ce da ta fashe suka ɗauka, suka jera tsingaron ya zama matakala. Amma ba gidan Turawa suka gina a ciki ba. Gidan mahaifina na Malumfashi suka gina, yadda nake ba su labarinsa. Ga ɗaki mai jinka da busasshiyar ciyawa, ga rumbu da suka yi da robar yogot suka shafe ta da laka, ga rijiya da murfin kwalba har da gugan zare, ga ɗan reshe da suka dasa wai shi ne darbejiyar ƙofar gida, a gindinsa 'yar tabarmar Baba. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, su kuma ba su taɓa taka gidan ba. Wallahi zama na yi a ƙasa na yi ta kuka har yaron ya tsorata.

Ga tambayar. A bakin ƙofar ɗakin Iman ta ajiye wata 'yar tsana mai fukafukai, da kuɗin asusunta ta saya, fam biyu. Ta ce wai ita ce za ta riƙa gadin gidan Kaka. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, amma kuma ina tsoron in cire in karya wa yarinyar zuciya. Me kuka gani?

Anti Larai:
Wa alaikumus salam. Allahu akbar, kin sa ni hawaye da safen nan. Allah ya jiƙan Baba, ya raya miki su, ya sa masu jin ƙanki ne.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa yaran albarka. Hajiya, tunda kin tambaya zan faɗi gaskiya. Abin da Bature yake kira feri, in ka zo da shi Hausa aljani ne, ba shi da wani suna. Gina wa aljani gida da ajiye masa wuri ba baƙon abu ba ne a wurinmu, daga shi Musulunci ya raba kakanninmu. A Kano kafin zuwan addini, a kan Tsumburbura aka kewaye bishiya da katanga a gindin Dala, Barbushe kaɗai ke shiga. Har gobe akwai masu kai wa tsamiya da kuka farfesu da turare. Kalmar da ta fi tsaya mini ita ce gadi. Ki duba Suratul Jinni aya ta 6, inda Allah ya ba da labarin mazajen da suke neman tsari da aljanu, bai ƙara musu komai ba sai wahala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni dai a cire.

Maman Iman (Bradford):
Na gode Malam. Kalmar nan ce ni ma ta hana ni barci. Sai dai ina so a san yadda abin yake a nan, don kada a ɗauka bauta ake yi. A shagon kayan lambu ake sayar da su, kusa da tukwane da taki, kamar yadda ake sayar da 'yar tsana a kasuwa. Babban labarin ferin ma a nan kusa da mu ya faru, a wani ƙauye Cottingley. A 1917 wasu 'yan mata biyu 'yan uwan juna, Elsie Wright mai shekara 16 da Frances Griffiths mai shekara 9, suka ɗauki hoto a bakin rafi da waɗannan halittu suna rawa a gabansu. Manya suka gaskata, har Arthur Conan Doyle, marubucin nan, ya wallafa hotunan a mujalla a 1920. Sai a 1983, sun tsufa, suka amsa cewa zane ne suka yanka a kwali suka kafe shi da allurar hula. Kyamarorin suna nan ajiye a gidan tarihi na Bradford, makaranta ta kai su Iman sun gani. Ta san ƙarya ce.

Uwar 'Yan Biyu (Limerick):
Maman Iman, a wurinku ƙila wasa ne, amma kada ki yi wa duk Turawa kuɗin goro. Nan Ireland akwai tsofaffin da har yau ba za su sare wata bishiya mai ƙaya da ta tsiro ita kaɗai a tsakiyar gona ba, sun ce ta feri ce. A 1999 ana gina babban titi a gundumar Clare, wani mai ba da tatsuniya Eddie Lenihan ya tashi haiƙan a kan wata irin wannan bishiya a Latoon, ƙarshe aka bar ta tsaye aka kewaye ta. Ina bin hanyar nan. Ranar da aka fara ba ni labarin, tsamiyar bayan garinmu ce ta faɗo mini a rai, wadda ake hana mu zuwa gindinta da tsakar rana. Saboda haka maganar Malam tana da tushe. Abin ya fara ne da imani kafin ya koma kayan wasa.

Malama Ummu Hani:
Sallama gare ku. Malam Abu Sumayya, Allah ya ƙara ilimi, ina da ƙari. Abu biyu ne a nan kuma bai kamata a haɗa su ba: 'yar tsanar daban, maganar da yarinyar ta yi daban.

Game da 'yar tsana, Nana A'isha (RA) tana wasa da su a gidan Manzon Allah (SAW) ita da ƙawayenta, wannan yana cikin Bukhari da Muslim. A ruwayar Abu Dawud kuma, ya dawo daga yaƙin Tabuka ko Khaibara, iska ta ɗaga labule ya hango kayan wasanta, a cikinsu da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta, doki da fukafukai? Ta ce ba ka ji cewa Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. Bai ce ta jefar ba. Sahabbai mata ma suna yi wa yara abin wasa da ulu ranar Ashura don su shagala da shi har a sha ruwa.

Maganar gadi kuwa da baki ake gyara ta, ba da hannu ba. In kin fizge 'yar tsanar kin jefa a shara, abin da yarinyar za ta riƙe shi ne ta yi wa Mama kyauta Mama ta ƙi. Zaunar da ita ki tambaye ta me take nufi tukuna.

Abu Sumayya:
Malama, hadisan nan ingantattu ne, ban musa ba. Amma sassaucin na wasan yara ne. Yanzu lambun ba na yarinyar ba ne, ya zama na uwar, an kafa shi a taga don ado, kuma malamai da yawa sun bambanta tsakanin abin da yaro ke ja a ƙasa da mutum-mutumin da babba ya girke a ɗaki. Na yarda da ke a kan a bi ta da lallashi. Ban taɓa cewa a yi mata tsawa ba.

Ɗan Birni:
Ni duk ba wannan ba. Ranar ita kanta fa? Mu kullum ranar uwa ce. Wannan ranar 'yan kasuwa ne suka ƙirƙiro ta don su sayar da kati da fulawa.

Mama Saratu (Wusasa):
Ɗana, bari in gyara maka kaɗan. Ta Ingila daga coci ta fito, Lahadi ta huɗu ce a cikin azuminmu na kwana arba'in, sati uku kafin Ista, kuma mu ma nan muna yin ta a cocinmu. Ta Amurka ce ta watan Mayu. Ita ma ba 'yan kasuwa suka fara ta ba, wata mata ce Anna Jarvis, don tunawa da mahaifiyarta, a 1908, gwamnati ta amince da ita a 1914. Daga baya da ta ga masu sayar da kati da furanni sun ƙwace ranar, ita da kanta ta koma tana yaƙarsu har ƙarshen rayuwarta. To yaran nan ba kati suka sayo ba. Sati uku suna kwaɓa laka. Maman Iman, Allah ya albarkace su, ni abin da ya taɓa ni tabarmar nan ce.

Maman Iman (Bradford):
Amin Mama, na gode. Ɗan Birni, ban koya musu ranar ba, a makaranta kowane yaro ake sa shi ya yi wa uwarsa wani abu. Ban kuma ga yadda zan ce musu ku mayar sai wata rana ba.

Alhaji na Kwari:
Ku gafarce ni, ni ɗan kasuwa ne, magana ɗaya nake yi. Duk wannan wasan yara ne, gobe damina ta wanke shi. Kyautar ɗa ga iyaye ita ce ya girma ya ɗauke musu cefane, ya biya kuɗin asibiti, in Allah ya hore ya biya musu kujerar Makka. Na ga 'ya'yan da suke rubuta wa uwa kalamai masu daɗi a Facebook alhali rufin ɗakinta yana yoyo. A koya musu wancan.

Anti Larai:
Alhaji, yaron da bai koyi bayarwa yana da shekara shida ba, ranar da ya samu miliyan ma ba zai iya ba. Kuma mu iyaye mu ke kashe abin. Zan faɗi nawa ko da yake yana mini ciwo. Ɗana na biyu yana aji uku na firamare ya yi mota da gwangwanin madara da tayoyin tsohon silifa, ya yi kwana huɗu a kanta har ya yanke a yatsa. Ya kawo mini ya ce Umma ga motar da zan kai ki unguwa. Ranar muna da baƙi, ina ta shara, na ce kai ɗauke mini tarkacen nan. Da yamma na haɗa da ita na zubar a bola. Bai yi kuka ba, bai ce komai ba. Yanzu shekararsa 24, yana yi mini duk abin da Alhaji ya lissafa daidai ƙarfinsa, amma tun daga ranar bai sake yin wani abu da hannunsa ya miƙo mini ba. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, ni ko yabon ban ba shi ba.

Basakkwace:
Anti Larai, Allah shi ba ki haƙuri. Ni ta ɗaya gefen nit taso. Ni ne ɗan fari, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah, "kai yaro" ko "wannan" take ce mini. Ina da shekara bakwai munka tafi bakin fadama da yara munka ɗebo yumɓu, na gina sa da tozonsa, na yi mai ƙaho da ƙayar aduwa, na tura shi cikin murhu ya gasu. Na kawo mata tana tankaɗe. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce aje can. Na aje na fita, na ɗauka ta shiga da shi wuta ko ƙannena sun fasa.

Shekara talatin da wani abu bayan nan, da ta rasu, ƙannena mata sunka buɗe adakarta don rabon gado. Ƙarƙashin tasoshin aurenta ga san nan naɗe cikin tsohon kallabi, ƙaho ɗaya ya karye. Babu wanda ya san mi ne ne sai ni. Yana nan wurina. Amma zan gaya muku gaskiya, da murna da baƙin ciki suka zo mini tare. Shekara talatin ina zaton ba ta gani ba. Da kalma ɗaya ta faɗa mini tana da rai, da ta ishe ni.

Goggo Hajiya:
Ɗana Basakkwace, Allah ya jiƙan Innarka, ya kai haske kabarinta. Kada ka riƙe ta da wannan. Haka aka tarbiyyantar da mu. Ni ma ɗan farina ban kira sunansa ba sai da ya yi 'ya'ya, shi ma a bayan idonsa. In ka yaba ɗan fari a gaban surukai sai a ce ba ki da kunya, a yi ta yi da ke a gidan biki. Abin da baki bai faɗa ba shi ake sawa a adaka. Ka san mace ba ta ajiye abu a ƙarƙashin tasoshinta sai wanda ya fi zinariyarta.

Basakkwace:
Na sani Goggo, kuma ban riƙe ta ba, kullum ina yi mata addu'a. Amma ni ɗiyana duk abin da sunka kawo mini, ko zanen da ban gane kansa ba ne, sai na aje abin da nike yi na duba, na tambaye su mi ne ne wannan.

Goggo Hajiya:
Ka yi daidai. Zamaninku daban. Jikata ta ɗinka mini jakar carbi da hannunta, ɗinkin duk ya karkace, da ita na je Umara.

Alhaji na Kwari:
To na ji. Ban ce a zubar ba. Ni dai a haɗa biyun.

Amaryar Gwale:
Don Allah Maman Iman, ni sha'awar lambun ce ta kama ni. Zai yiwu a nan Kano kuwa? A bene muke, ba mu da tsakar gida, kuma yarana ba su san komai ba sai waya.

Mai Fulawa (Kaduna):
Hajiya, sana'ata ce, bari in amsa kafin ta zo. Zai yiwu, amma kada ki kwaikwayi nasu kai tsaye. Gansakuka sanyi da laima take so, bazarar Kano kwana biyu za ta soya ta. Ki nemi tsohon kasko ko kwatarniya ko daron da ya huje. In ba shi da huda a ƙasa ki yi masa, in ba haka ba saiwar za ta ruɓe. Ki fara zuba tsakuwa, sannan ƙasa da yashi da takin da ya riga ya ruɓe, ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi. Ki dasa 'ya'yan alobera ƙanana da ɗoɗɗoya, ita ɗoɗɗoyar in kina tsinke kanta sai ta yi cunkus kamar bishiya, ga ƙanshi ga miya. Na'ana'a kuwa ki ba ta gwangwaninta daban ki binne, don in ta sake sai ta cinye wurin duka. Ki ajiye inda rana ke taɓawa da safe kawai.

Abu biyu ki kiyaye. Kada ki yi ɗan tafki da ruwa na gaske, gidan sauro ne. Ɗakin laka kuma a gasa shi ko a shigar da shi in hadari ya taso. Kayan gini ba sai kin saya ba: sillen kara, totuwa, sakaina, tsinken tsintsiya. Mu da muka tashi muna yin motar kara da gidan 'yar tsana a bayan danga, wannan ai aikinmu ne, tukunya kawai aka ƙara.

Amaryar Gwale:
Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar za mu gwada, akwai wani daro da na so in ba 'yan gwangwan.

Maman Iman (Bradford):
'Yan uwa na dawo, na gode muku duka, kowa na karanta nasa, na Anti Larai da na Basakkwace sau biyu.

Jiya bayan magariba na zaunar da Iman kamar yadda Malama ta ce. Na tambaye ta me take nufi da gadi. Ta ce ai na taɓa gaya musu tun da Kaka ya rasu aka rufe ɗakinsa ba mai shiga, ita kuma ba ta so ɗakin ya zauna ba kowa. Shi ke nan abin da take nufi. Na gaya mata Allah ne mai tsare gida da mutanen gida, muka karanta Ayatul Kursiyyu tare, na kuma gaya mata ban taɓa samun kyautar da ta kai wannan ba. 'Yar tsanar ta koma cikin kayan wasanta, in tana so ta zo da ita lambun ta yi wasa ta mayar. Malam, ina fata hakan ya yi. A bakin ƙofar yanzu wasu 'yan takalma ne da ta yanka da kwali da 'yar buta, wai alamar mai ɗakin yana ciki.

Yau da safe kuma na kira Hajiyarmu ta bidiyo na nuna mata. Ta daɗe ba ta yi magana ba. Can sai ta ce a matso mata da wayar, ta ce rumbun ba a nan yake ba, yana gabas da rijiya, kuma wa ya taɓa ganin rumbu zaune a ƙasa ba duwatsu a ƙarƙashinsa, ai gara za ta cinye hatsin. Ta ce ina turken awaki, ina murhu? Ta sa Iman ta ɗauko takarda, suka yi kusan awa ɗaya tana faɗa mata wurin kowane abu da Hausa, yarinyar da da ƙyar nake samu ta haɗa jimla biyu. Yanzu sun dage sai an gyara komai kafin Juma'a a sake nuna wa Hajiya.

Matsalar ita ce jinkar, kullum sai ta zame. Wa ya san yadda ake ɗaura ta?

Abu Sumayya:
Ya yi, Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Basakkwace:
Maman Iman, ba a kan ɗakin ake gina jinka ba, a ƙasa ake yin ta sannan a ɗora. Su samu tsinke kamar takwas su ɗaure kawunansu wuri ɗaya, su buɗe ƙasan, su zagaya da zare hawa biyu ko uku ya riƙe su, wannan shi ne tanka. Ciyawar kuma kada su liƙa ta ɗai-ɗai, su jera ta su saƙe gindinta da zare ta zama doguwar shimfiɗa, sai su naɗa daga ƙasa suna hawa sama, kowane hawa ya rufe rabin na ƙarƙashinsa. In sun kai ƙololuwa su ɗaure tam. Ki ce su bar bakinta ya ɗan zarce bangon, don ruwa ya sauka nesa da laka.